Filin Tambaya da Amsa: Na zana almajiri kowa ya yaba, amma raina bai kwanta ba

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu na masu zane da masu son zane. Saƙonnin wannan karon kamar an haɗa baki, kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato yadda mai zane zai taɓo maganar mai shi da mara shi a cikin aikinsa har mai kallo ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Na ɗauko huɗu, ta farkon ita ta fi ja na da nisa.

TAMBAYA: Slm Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni ɗaliba ce, ina zane da gawayi da fensir kusan shekara uku kenan. Watan da ya wuce a tashar Kawo nan Kaduna na ga wani almajiri bai fi shekara takwas ba yana tsaye da robarsa, sai na ɗauke shi hoto da waya daga cikin keke bai ma sani ba, na zo gida na zana shi babba, na ƙara masa hawaye a kumatu duk da dai gaskiya ba kuka yake ba. Na ɗora a Facebook da Instagram mutane suka yi ta yabawa ana ta Allah sarki Allah sarki, har wani mutum daga Abuja yace zai saya da kuɗi mai kyau. To amma Malam wlh tun lokacin raina bai kwanta ba kuma na rasa me ke damuna. In sayar ko kar in sayar? Kuma ya ake zanen da zai sa mutane tausayi na gaske?
Daga wata ɗaliba, Unguwar Dosa

AMSA: Wa alaikumussalam 'yata, lafiya lau alhamdulillahi. Wannan rashin kwanciyar ran ki riƙe shi da kyau, kar ki bari yabon mutane ya wanke miki shi. Abun da ke damunki na gane shi tun kafin in kai ƙarshen saƙon: baki san sunan yaron ba. Kin ɗauki fuskarsa ba da saninsa ba, kin sa masa kukan da bai yi ba, yanzu za a baki kuɗi a kai, shi ko yana can Kawo da robarsa bai san ma ana yi ba. Ban faɗa don ki ji kunya ba, yawancin masu riƙe fensir sun bi ta nan, ni ma na bi.

Shekarun baya lokacin ina haya a Tudun Wada akwai wani ɗan ga-ruwa da ke kawo mana ruwa kullum da sassafe. Wata rana na zauna na zana shi daga kaina, na zaunar da shi gefen kurarsa ya yi tagumi, riga duk a yage, ido ya faɗa, na ji a raina na yi aikin da zai sa duniya kuka. Da na nuna masa ya daɗe yana kallo sannan yace, Malam hannunka na da kyau, amma wannan ba ni bane, ni yaushe na samu lokacin tagumi? Maganar nan ta kwana ta tashi da ni. Sai na roƙe shi ya bar ni in bi shi, na bi shi safiya uku tun daga inda yake sayen ruwan har layukan da yake kaiwa. A nan na fara ganin abun da ban taɓa gani ba duk da kullum a ƙofata yake tsayawa. Jarka goma ce a kurar, kowace lita 25, kinga kilo 250 kenan, nauyin buhun siminti biyar, kuma ba sawu ɗaya yake yi ba. Na ga yadda yake kwantar da ƙirjinsa a kan ƙarfen in za a hau kwalbati, yadda jijiyar wuyansa ke tashi, yadda silifas ɗinsa ya cinye ta gefe ɗaya saboda da wannan ƙafar yake tokarewa in kura za ta gangara da shi. Kuma na ga gidan da yake sayen ruwan, tankinsu na sama ya cika yana ambaliya a bango har gansakuka ta fito, shi kuma yana waje a layi yana ƙirga kuɗin jarka. Zanen da na sake yi fuskarsa ma da kyar ake gani, baya ne da ƙafa da kura da wancan tankin mai zuba. Shi da kansa ya roƙi in bar masa, ya kai shagon da suke kwana ya manna.

Abun da ya faru da ke ya faru da manya ma. A 1936 lokacin da tattalin arziƙin Amurka ya durƙushe, wata mai ɗaukar hoto Dorothea Lange ta tsaya a wani sansanin 'yan ƙwadagon gona a Nipomo ta jihar Kalifoniya, ta ɗauki hoton wata mata 'yar shekara 32 mai 'ya'ya bakwai, hannunta a haɓa, yara biyu sun ɓoye fuska a kafaɗunta. Hoton ya fita a jarida, gwamnati ta aika abinci sansanin, amma kafin ya iso matar da iyalinta sun riga sun ƙara gaba. Lange da bakinta ta faɗa daga baya cewa ba ta tambayi sunan matar ba. Sai a 1978 wani ɗan jarida ya gano ta, sunanta Florence Owens Thompson, kuma ta nuna ɓacin ranta, tace ko sisi ba ta samu daga hoton ba, shekara arba'in da wani abu duniya na kallon fuskarta a matsayin fuskar talauci. Hoton yana da kyau, ya yi amfani, amma akwai haƙƙi a cikinsa, kuma irin haƙƙin ne zuciyarki ke gaya miki.

Maganar hawaye kuwa, ni ban yarda da hawayen da aka ɗora ba. Allah sarkin da ake rubuta miki a ƙasan hoto ba shi da wuya, mutum zai rubuta ya ja waya sama ya wuce bidiyon biki. Tausayin da ke zama shi ne wanda mai kallo zai tsaya ya ce kai, wannan ai haka ɗana ke tsayuwa in ya gaji. Wannan kuma daga ƙananan abubuwa yake fitowa waɗanda ba a ganinsu daga cikin keke, kamar igiyar da ya ɗaure robar da ita don kar a sace, ko maɓallin rigar da ya sa a ramin da ba nasa ba saboda babu uwar da za ta gyara masa da safe. Wani shahararren mai zane Van Gogh kafin ya yi zanensa na manoma biyar masu cin dankali a ƙarƙashin fitila a 1885, sai da ya shafe lokacin sanyi guda a ƙauyen Nuenen na ƙasar Holan yana shiga gidajensu yana zana kawunansu da hannayensu, gommai, don yana son a ga cewa hannun da ke shiga akushin shi ne ya tona ƙasar.

Wani abu kuma da matasanmu ke mantawa, in ratar da ke tsakanin mai shi da mara shi kike son nunawa to rata baki biyu gare ta. In kin zana talaka shi kaɗai a farar takarda, mai kallo zai ɗauka haka Allah ya sauko da shi, ba ruwan kowa. Gerard Sekoto na Afirka ta Kudu ya yi wani zane a 1947, jerin leburori baƙar fata sun ɗaga diga sama a tare kamar jiki ɗaya, gefe guda ga wani Bature mai kula da su a tsaye, hannu a aljihu, lofe a baki. Ba hawaye ko ɗigo, amma ba sai an yi miki bayani ba. A naki zanen ina gilashin motar da aka ɗage lokacin da yaron ya matso? Ina kekenki da wayarki, tunda ke ma kina wurin?

Batun sayarwa. Ki koma Kawo da yayanki ko wani babba, ki je da zanen, ki tambayi 'yan tasha da masu shayi, almajiri ba ya rasa makaranta kuma ba ya rasa malami. In kin same shi ki gaishe da malaminsa, ki nuna musu, ki nemi afuwa ki nemi izini, sannan ki sa kilina ki ɗauke hawayen nan, gawayi ai yana gogewa. In sun amince ki sayar, ki cire masa rabonsa, kuma ki mai da shi abun da zai zauna a jikinsa, bargo, takalmi, sabulu, maganin ƙaiƙayi in yana buƙata. Kar ki wallafa sunansa da inda yake kwana a intanet, yaro ne. In kuma kin nema baki same shi ba, ni dai a ganina ki ajiye zanen nan a ɗakinki, ki ba mutumin Abuja haƙuri, ki ce zaki yi masa wani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina son zane sosai kuma ina son in yi magana a kan halin da talakawan unguwarmu ke ciki, amma mahaifina malami ne yace zanen abu mai rai haramun ne, ya hana ni. Bana son saɓa masa. Shikenan in haƙura?
Daga wani matashi, Rigasa

AMSA: Ƙanena kar ka yi jayayya da mahaifinka a kan wannan, ba da ka yake magana ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, yace da zanen surori yake ci, sai ya karanta masa gargaɗin da ya zo a kan masu surantawa har mutumin ya firgita, sannan yace masa in dai dole sai ka yi to ka yi bishiya da duk abun da ba shi da rai. Malamai sun yi bayanai masu faɗi a kan rabe-raben mas'alar, wannan fagensu ne, kai kuma ga malami a cikin gida. Ni abun da zan ce maka, ƙofar da ɗan Abbas ya bari a buɗe ta ishe ka aikin shekara talatin.

Ranar Juma'a kafin a tada sallah ka ɗan tsaya a ƙofar masallaci ka kalli takalma. Ga na fata mai sheƙi wanda kuɗinsa zai ciyar da gida wata guda, dab da shi ga silifas da aka soke da ƙusa aka lanƙwasa ta ƙasa, ga na yaro wari da wari ba kala ɗaya ba, ga sandar makaho an jingine. Masu su duk suna ciki kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya, takalman ne a waje ke faɗin abun da zai biyo bayan sallama. Ka zana wannan, babu mai rai ko ɗaya a ciki, kuma ina tabbatar maka mahaifinka zai riga kowa gane abun da kake nufi. Ko ka ɗauki littafinka ka zana ƙofofin gida, ka fara daga manyan get na Malali da Unguwar Rimi masu waya mai wuta a saman katanga, ka ƙare a lungunan Hayin Rigasa inda buhu ne labule, ka jera su a takarda ɗaya doguwa.

Kuma ba baƙon abu za ka yi ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan laka masu riƙe rufi, da zayyanar laka ya gigita duniya, har yau masana gini na zuwa kallo. Ga allon zayyana da ake yi wa mai sauka, ga dagi a bangon zaure da wuyan riga. Kana iya ɗaukar salon zayyanar nan ka rubuta da ajami kalmomin da 'yan talla ke rerawa a layinku, ka ƙawata su kamar yadda ake ƙawata sunan sarki.

TAMBAYA: Sannu Malam. Babana ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun garin nan kafin a rufe, yanzu gadi yake yi. Kullum in na wuce ta gaban ginin sai in ji kamar in yi wani aiki a kai, amma kuɗin fenti da kanbas sun fi ƙarfina, ko buroshi mai kyau ban da shi. Ta ina zan fara?
Daga wani ɗan Kakuri

AMSA: Ƙanena ka fara daga akwatin babanka, da izininsa. Na san irin gidajen nan, da wuya a rasa tsohon katin aiki, ko yunifom, ko guntun yadin da aka saƙa a masaƙar wanda mama ta ɓoye a ƙasan adaka. Ka zauna da shi da daddare ka tambaye shi yadda ƙarar injin take, yadda Kakuri ke cika da kekuna in an tashi daga aiki, su wa ke sayar musu da abinci a bakin get, ina suke yanzu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kai kana da abun da mai zanen da zai zo daga Legas da kyamara ba zai taɓa samu ba.

Labarin da kake son taɓawa babba ne. Masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, a 1957 aka buɗe ta nan Kakuri zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya kamar United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles, har Kaduna ta zama garin masaƙu, dubban mutane daga kowace ƙabila da addini suna cin abinci a wurin. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsufan injina da fasa-ƙwaurin atamfa daga waje suka taru a kansu, KTL ta tsaya a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya in ya rasa aiki a masaƙa, mai tuwo ta rasa, mai gidan haya ya rasa, yaro ya bar makaranta.

Akwai wata Bajamushiya Käthe Kollwitz, mijinta likita ne a unguwar ma'aikata a Berlin, marasa lafiyar da ke zuwa wurinsa su ta riƙa zanawa. Tsakanin 1893 da 1897 ta yi jerin zane shida a kan masu saƙa na wani yanki da ake kira Silesiya da yunwa ta sa suka yi bore a 1844, baƙi da fari kawai, ba kala. Da aka baje su a 1898 alƙalai suka so ba ta lambar zinare, sarkin Jamus na lokacin ya ƙi sa hannu. Abun da nake so ka ɗauka a wurinta shi ne bugu take yi, wato a sassaƙa ko a zana hoton a kan wani abu sau ɗaya, a shafa tawada a yi ta bugawa a takarda, aiki ɗaya ya shiga hannu ɗari. Kai ma kana iya yi da abun da ke kusa da kai. Ka samu faffaɗar robar da masu gyaran takalmi ke yankan soli da ita, ka zana a kai, ka sassaƙe da reza ko ƙaramar wuƙa, ka je wurin masu buga katin biki ka roƙi ragowar baƙar tawada, ka shafa, ka ɗora takarda ka murza da bayan cokali. Ka tuna dai abun da ke dama a robar hagu zai fito a takarda, musamman in akwai rubutu. Ni da zan so ma ka buga a kan farin yadi ko tsohuwar atamfa, labarin masaƙa a kan tufa. Bruce Onobrakpeya da duniya ta san shi da bugu nan Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, kuma abun da suka tsaya a kai kenan, a koyi dabarar Bature amma a yi magana da kayan gida.

Kala in kana so, ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga shuni, ga gawayi, ka niƙa su lukui ka kwaɓa da ruwan ƙaro kamar yadda ake haɗa tawadar allo, ƙaron nan shi ne ma ke cikin fentin ruwa na kanti. Takardar buhun siminti in ka kakkaɓe ta ka goge tana karɓar gawayi sosai. Kasuwar Panteka kuwa, inda ake sayar da tsofaffin ƙarafa da tarkace, ka shiga da ido buɗe. El Anatsui ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, da marafan kwalaben giya da wayar tagulla yake ɗinka manyan ayyukansa masu kama da zani, kuma suna rataye a manyan gidajen adana fasaha na duniya. In ka gama na farko babanka za ka fara nuna wa kafin kowa, in yace a cire wani abu ka cire.

TAMBAYA: Malam ka yi haƙuri da tambayata, ina karanta filin nan amma ni dai ban ga amfanin abun ba. Zane na ƙosar da mai jin yunwa ne? Kuɗin fentin ba gara a sayi masara a raba ba?
Daga wani mai sayar da gwanjo, Kasuwar Barci

AMSA: Alhaji ba abun haƙuri, tambayarka a kan hanya take. Zane ba ya ƙosar da kowa, wanda yake da mudun masara ga mai yunwa a gabansa ya ba shi masarar, zane ya jira. Amma ka duba, a 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne a Najeriya ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kashi 63 cikin ɗari. Mun ji a rediyo, mun yi salati, mun ci gaba da harkokinmu, domin ba wanda zuciyarsa ke iya ɗaukar miliyan 133. Mutum ɗaya take iya ɗauka, mai suna, mai silifas da ya cinye ta gefe ɗaya. Ni tun bayan safiya ukun nan ban sake tsayawa ina ja-in-ja da ɗan ga-ruwa a kan canji ba, kuma na san mutum biyu da suka ga zanen suka daina.

Inda nake tare da kai shi ne in zanen zai ƙare a falon mai kuɗi kawai ko a wani ɗakin baje koli da talaka ba zai iya shiga ba. Garin nan tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya raba mu, yaron Rigasa na iya girma bai taɓa zama a Kakuri ba, na Kakuri ma haka, alhali tukunyar gidajensu iri ɗaya take kwana. Ga shi yau su biyun sun rubuto a shafi ɗaya. In akwai ɗan fili a bangon shagonka sama da inda kake rataye riguna, ka aiko mana ta adireshin mujalla, in yaran nan sun gama aikinsu in haɗa ku, a rataya takalman masallacin da bugun masaƙar gefe da gefe ko na sati biyu ne, inda masu zuwa cinikin gwanjo za su gani.